Zinariyar Haruta

A shekarar 1982, a wata cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin Japan da ke yankin Osaka, wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Masatake Haruta ya zuba wani gari a cikin bututu, ya tura masa iskar da aka surka da ɗan kabon monoksaid, ya tsaya yana auna abin da ke fitowa ta ɗaya bakin. Kabon monoksaid ita ce gubar nan marar launi marar wari da ke cikin hayaƙin mota da na janareta. Iskar da ta fito kuwa babu gubar a cikinta, ta haɗu da oksijin ta rikiɗe ta zama kabon dayoksaid, irin wadda kowane mai rai yake fitarwa da numfashinsa. Wannan kaɗai ba zai zama labari ba, domin akwai ƙarafa da dama da suka iya wannan aiki idan aka gasa su da kyau. Filatinam, wanda shi ne sarkin fagen, yakan buƙaci zafin da ya haura na tafasar ruwa kafin ya kama aiki sosai. Garin Haruta ya yi aikin a zafin ɗaki. Da aka sanyaya shi zuwa sanyin ƙanƙara bai daina ba. Har a digiri 70 ƙasa da sifili yana nan yana cinye gubar. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙarfen da ke cikin garin, wato zinariya.

Duk wanda ya taɓa riƙe sarƙar gwal ta kakarsa ya san halin zinariya. Azurfa takan yi baƙi, tagulla takan yi kore, baƙin ƙarfe kuwa damina ɗaya ta ishe shi ya yi tsatsa. Zinariya takan kwana shekara dubu uku a kabarin Fir'auna a tono ta tana ƙyalli. Darajarta a kasuwa daga wannan ƙin cuɗanya ta samo asali, kuma saboda shi ne masana sinadarai suka daɗe da yanke mata hukuncin cewa ba ta da amfani a aikinsu.

Aikin da ake magana a kai shi ne na katalis, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a dubi dillali. Kabon monoksaid da oksijin suna iya zama cikin ɗaki ɗaya shekara da shekaru ba su haɗu ba, duk da cewa haɗuwar tasu riba ce ga kowannensu. Oksijin tana yawo ne atam biyu a ɗaure da juna (atam shi ne abin da littattafai ke kira ƙwayar zarra), kuma kafin ta yi ciniki da kowa sai an sassauta wannan ɗauri. Dillali yakan zaunar da mai saye, ya zaunar da mai sayarwa, ya tausasa su har a ce sallama, sa'an nan ya sallame su ya jira na gaba, shi kuwa yana nan yadda yake. Fuskar ƙarfe ita ce tabarmar dillalin. Iskar ba ta shiga cikin ƙarfen yadda ruwa ke shiga soso, a bayansa take mannewa, kuma wannan mannewa ita ce matakin farko na komai. Tun a 1918 Irving Langmuir, wani Ba'amurke da ke aiki a kan ƙwan lantarki, ya tsara lissafinta: fuskar ƙarfe tana da gurabe ƙididdigaggu, kowane gurbi baƙo ɗaya yake ɗauka, in gurabe suka cika sai wani ya tashi kafin wani ya zauna. Matsalar zinariya ita ce ba ta zaunar da kowa. Oksijin ba ta mannewa a shimfiɗaɗɗiyar fuskarta, kabon monoksaid kuma sai cikin tsananin sanyi take ɗan tsayawa, da an ɗan ɗumama ta tashi. A 1995 wasu masana biyu na ƙasar Denmak, Bjørk Hammer da Jens Nørskov, sun bayyana dalilin ta hanyar lissafi: yadda elektiron ɗin zinariya suka jeru, duk wata alaƙa da iska ta so ƙullawa da ita, abin da ke ture ta ya kusa rinjayar abin da ke jan ta.

Haruta bai fita neman ƙaryata wannan ba. Bayan tashin farashin mai na 1973, Japan, wadda kusan duk man da take amfani da shi daga waje yake zuwa, ta zuba kuɗi a neman wasu hanyoyin makamashi, shi kuma aka sa shi neman katalis ɗin da zai ƙona haidurojin ba tare da harshen wuta ba. Ya lura cewa ƙarafan da ke riƙe oksijin da ƙarfi fiye da kima ba sa aikin sosai, haka ma waɗanda riƙonsu ya yi sako-sako. Sai ya yi tunanin surka mai ƙarfin riƙo da mai raunin riƙo, ko a dace da tsaka-tsaki. Zinariya tana can ƙarshen masu rauni, baƙin ƙarfe yana ɓangaren masu ƙarfi. Ya narkar da gishirinsu a ruwa ɗaya, ya sa suka kwanta tare, ya busar ya gasa. A zatonsa abin da ya samu wani sabon sinadari ne da zinariya da baƙin ƙarfe da oksijin suka narke cikin juna. Sai da aka duba garin da madubin ƙara girma mai aiki da elektiron, tare da taimakon Sumio Iijima, wanda daga baya ya yi suna a kan ƙananan bututan kabon, aka ga cewa zaton bai yi daidai ba. Zinariyar tana nan a matsayinta na ƙarfe, sai dai ta warwatsu ƙwaya-ƙwaya a bayan oksaid ɗin baƙin ƙarfe, ɗan'uwan tsatsa, kuma matsakaicin faɗin kowace ƙwaya bai wuce kimanin nanomita 4 ba. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Rahotonsa na farko da duniya ta lura da shi ya fito a 1987.

Ba shi ne ya fara ganin zinariya ta yi abin da ba a saba ba idan ta ƙanƙance. A 1857 Michael Faraday ya haɗa wani ruwa ja jawur a Landan, wanda babu komai a cikinsa sai ƙananan ƙwayoyin zinariya, kuma kwalaben suna nan har yau da launinsu. A 1973 Geoffrey Bond a Ingila ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya suna iya ɗan aiki da haidurojin. Amma a wancan lokacin ana ganin zinariya tana bin bayan filatinam ne da nisa. A gwajin Haruta ita ce a gaba.

Bayanin da ke fara zuwa wa mutum shi ne na faɗin fuska, kuma yana da gaskiyarsa. Sukari mai ƙwanƙwasa ya fi garin sukari jinkirin narkewa a shayi, domin ruwa bayan abu yake taɓawa. A ɗauki curin zinariya mai kusurwa huɗu, santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Nauyinsa giram 19 da ɗoriya ne, faɗin fuskokinsa shida kuma santimita murabba'i 6, abin da bai kai tambarin wasiƙa biyu ba. A yayyanka shi zuwa gutsattsari masu faɗin nanomita 3, nauyin bai canza ba, amma jimillar fuskokin ta koma mita murabba'i 2,000, fiye da kwatan filin ƙwallon ƙafa. Wannan shi ne dalilin da ya sa duk masana'antar da ke amfani da ƙarfe mai tsada take baza shi ƙwaya-ƙwaya a bayan wani abu mai arha. Atam ɗin da ke binne a ciki kuɗi ne da aka kashe a banza.

Sai dai wannan lissafi bai isa ya bayyana zinariyar Haruta ba. Idan fuskar ba ta zaunar da baƙo tun asali, ninka ta sau miliyan uku ba zai sa ta zaunar da shi ba. Da aka auna aikin da kowane atam na saman fuska yake yi shi kaɗai, sai aka ga ƙwayoyin da suka haura nanomita 10 kusan ba sa taɓuka komai, daga nanomita 5 zuwa ƙasa kuma aikin kowane atam yana hawa da sauri. Ke nan ita kanta fuskar ce ta sauya hali.

A nan ne maganar maƙwabta take shigowa, kuma ita ce zuciyar batun. Atam ɗin zinariya suna jeruwa ne kamar yadda mai lemo ke tsiba lemonsa a faranti. Lemon da ke tsakiyar tsibi yana taɓa guda goma sha biyu. Wanda ke kan shimfiɗaɗɗen gefe yana taɓa tara ko takwas, gwargwadon yadda gefen ya jeru. Wanda ke kan layin da gefe biyu suka haɗu yana taɓa bakwai. Na kan kusurwa kuwa shida ko biyar kawai yake taɓawa, shi ya sa shi ne yake fara gangarowa in an girgiza farantin. Kowane atam yana da iyakar ƙarfin da zai iya ƙulla alaƙa da shi. Na tsakiya ya raba nasa ga maƙwabta goma sha biyu, babu saura. Na kusurwa yana da ragowa, kuma duk iskar da ta gifta ta kusa da shi takan sami hannun da zai kama ta. A babban curi irin waɗannan atam ɗin ba su taka kara sun karya ba. A ƙaramar ƙwaya su ne masu gari. Ƙwaya mai atam 13, goma sha biyu daga cikinsu a waje suke, dukkansu a kusurwa. Mai atam 55 tana da 42 a waje. Mai 309, wadda faɗinta ya ɗan haura nanomita 2, tana da 162 a waje, fiye da rabi ke nan. Wasu masana biyu na ƙasar Holan, Van Hardeveld da Hartog, sun zauna sun ƙididdige wannan tun a 1969, tun kafin a sami madubin da zai iya nuna shi.

Akwai wani ɗan lissafi a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Yawan kusurwoyin ƙwaya ba ya canzawa da girmanta, kamar yadda akwatin ashana da akwatin lefe kowannensu kusurwa takwas gare shi. Idan aka rage faɗin ƙwayoyi da rabi, giram ɗaya na zinariya zai ba da ƙwayoyi ninki takwas. Faɗin fuska ya ninka sau biyu, tsawon layukan gefe sau huɗu, yawan kusurwoyi sau takwas. Saboda haka wanda ya auna yadda aikin katalis ke ƙaruwa da ƙanƙanta yana iya gane inda aikin yake gudana ba tare da ya gan shi da ido ba. Nørskov da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama na zinariya, suka ga hawan ya fi kama da na kusurwa da gefe. A cibiyar Fritz Haber da ke Barlin kuma an gwada abin kai tsaye: aka manna kabon monoksaid a ƙwayoyin zinariya cikin sanyi, aka riƙa ɗumamawa a hankali don a ga lokacin da za ta tashi. A manyan ƙwayoyi ta tashi da wuri. A ƙanana ta yi ta riƙewa har kusan zafin ɗaki.

Shi Haruta kansa bai tsaya ga kusurwa ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne bakin layin da ƙwayar zinariya take haɗuwa da abin da take zaune a kai. Ya lura cewa yadda aka haɗa garin yana da tasiri matuƙa. Tsohuwar hanya, wadda ake jiƙa oksaid da ruwan gishirin zinariya a busar, tana barin kulorin a ciki, shi kuma kulorin yana sa ƙwayoyin su dunƙule su zama manya idan an gasa, wanda hakan na daga cikin dalilan da suka sa magabata suka yi ta gwada zinariya suna watsarwa. Hanyoyin da ya ɓullo da su suna ba da ƙwayoyin da suka zauna daram kamar ƙwaryar da aka kife a ƙasa, bakinta duka yana taɓa oksaid ɗin. A ra'ayinsa kabon monoksaid tana mannewa a jikin zinariya, oksijin tana samun gurbi a bakin ƙwaryar inda zinariya da oksaid suka yi iyaka, kuma a nan ake ƙulla cinikin. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ƙwayoyi masu girma ɗaya, a kan oksaid na baƙin ƙarfe ko na titaniyam suna aiki sosai, a kan wasu abubuwan kuma aikinsu ya ragu nesa ba kusa ba.

Daga nan muhawara ta buɗe. A 1998 Wayne Goodman da ɗalibansa a Texas suka nuna cewa a kan oksaid na titaniyam aikin yana kai ƙololuwa ne a wajen nanomita 3, in aka ƙara ƙanƙanta sai ya sauko, kuma suka danganta hakan da kaurin ƙwayar, wato hawa biyu na atam, inda zinariyar ta fara rasa wasu siffofinta na ƙarfe. A 2003 Maria Flytzani-Stephanopoulos a jami'ar Tufts ta wanke mafi yawan zinariyar da ke kan wani katalis da sinadarin sayanaid, ƙwayoyin da ake gani suka tafi, amma a aikin da take gwadawa, na haɗa kabon monoksaid da tururi, ragowar ta ci gaba da aiki kamar ba a taɓa ta ba. A 2008 Graham Hutchings da abokansa, da madubin da ya fi na baya kaifi, suka ce masu aikin gaske a kan oksaid na baƙin ƙarfe wasu ƙananan tsibi ne masu atam goma ko makamancin haka, waɗanda tsofaffin madubai ba sa iya gani. Wanda ya karanta waɗannan rahotanni a jere zai ga cewa rabin saɓanin daga wuri ɗaya ya taso: ba a iya canza girman ƙwaya shi kaɗai. Da an rage ta, siffarta ta canza, yawan kusurwoyinta ya canza, tsawon iyakarta da oksaid ya canza, elektiron ɗinta sun sake zama. Kowane mai bincike ya kama wanda na'urarsa ta fi iya aunawa ya ba shi sarauta. Kuma garin da ake gwadawa ba ya taɓa zama mai girma ɗaya, cakuɗa ce ta manya da ƙanana, ta yadda 'yan tsirarun da ba a gani suna iya yin aikin a yaba wa waɗanda ake gani.

Mai karatu zai iya fita daga labarin zinariya da zaton cewa ƙanƙanta alheri ce a ko'ina. Sauran ƙarafa sun ƙi yarda. Tun farkon ƙarni na 20 Paul Sabatier na Faransa ya faɗi ƙa'idar da Haruta ya sake cin karo da ita a aikinsa na haidurojin: katalis nagari shi ne wanda riƙonsa yake tsaka-tsaki. Dillalin da ba ya iya zaunar da baƙo bai yi ciniki ba, wanda kuma baƙo ya zauna masa ya ƙi tashi ya rasa tabarmarsa. Zinariya ta fara ne daga ɓangaren rauni, don haka ƙarin ƙarfin da kusurwa ta ba ta ya matso da ita tsakiya. Ƙarfen da riƙonsa ya riga ya isa, ƙarin zai tura shi ya wuce.

Kobal misali ne mai kyau. Da shi ake juya cakuɗar kabon monoksaid da haidurojin zuwa man dizal, a manyan masana'antu irin na Ƙatar. A 2006 masu bincike a jami'ar Utrecht ta Holan suka gano cewa idan ƙwayoyin kobal suka yi ƙasa da nanomita 6 zuwa 8, aikin kowane atam na fuska yana faɗuwa, kuma maimakon dogayen sarƙoƙin mai sai a riƙa samun iskar gas ta misen, wadda ba ita ake nema ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a kusurwoyi da gefunan ƙananan ƙwayoyin kabon monoksaid tana mannewa ta ƙi tashi, ta tare gurbi. Akwai kuma ayyukan da atam ɗaya ba ya iya yi komai yunwarsa. Raba naiturojin gida biyu, wanda shi ne matakin da ya fi wuya a haɗa amoniyar da ake yin takin zamani da ita, a kan ƙarfen rutiniyam yana buƙatar wani ɗan tsani da atam biyar suka jeru a wata siffa ta musamman. Ƙwayar da ta cika ƙanƙanta ba ta da filin da wannan tsani zai samu. Faladiyam kuwa ya rikita har ita maganar kusurwar. Da aka auna zafin da mannewa ke fitarwa a ƙwayoyinsa a Barlin, sai aka ga oksijin tana ƙara riƙewa idan ƙwaya ta ƙanƙance, kamar yadda ake tsammani, amma riƙon kabon monoksaid raguwa yake yi. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne cewa atam ɗin ƙaramar ƙwaya sukan matse kusa da juna, matsewar kuma tana rage ƙarfin riƙo. Ƙarfe ɗaya, iska biyu, kowace ta nufi nata ɓangaren.

Wannan ƙa'ida ta riƙo tana da mazauni a ƙarƙashin kusan kowace mota. Tun daga 1975 aka fara sa wa motocin Amurka wani tulu a bututun hayaƙi, mai ɗauke da yumɓu mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikai a Najeriya ke kira indomi. A bangon ramukan an baza ƙwayoyin filatinam da faladiyam da rodiyam, 'yan giram kaɗan a kowace mota. Idan inji yana da sanyi, kabon monoksaid takan mamaye fuskar filatinam kaf, ta riƙe da ƙarfin da oksijin ba ta samun inda za ta sauka. Sai zafi ya hau ya kori wasu daga cikinta, gurabe su buɗe, aiki ya fara. Shi ya sa kaso mai yawa na gubar da motar zamani ke fitarwa a cikin mintocin farko bayan an tayar da ita yake fita. Motar da aka ciro mata wannan yumɓu aka sayar saboda ƙarafan da ke ciki kuwa, duk tafiyarta mintocin farko ce.

Irin wannan takara ce take faruwa a cikin jini. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini yana da atam na baƙin ƙarfe a tsakiyarsa, kuma kabon monoksaid tana kama wannan atam da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau ɗari biyu. Iyalin da suka shigo da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi, ko suka rufe ƙofa da taga a kan gaushin gawayi cikin hunturu, wannan riƙo ne yake kashe su, yawanci suna barci. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko akwai garin hofkalait, cakuɗar oksaid na manganis da na tagulla, da ake sa wa a takunkumin numfashi na masu haƙar ma'adinai da masu kashe gobara don ya cinye gubar. Rauninsa danshi ne: ruwa yakan tare gurabensa ya daina aiki, ga shi kuwa numfashin mutum cike yake da danshi. Zinariyar Haruta akasin haka take, ɗan danshi ƙara mata kuzari yake yi. Wannan ya sa ta sami shiga a wasu takunkuman numfashi. Tun farkon shekarun 1990 kuma an yi amfani da ita a Japan wajen kashe warin banɗaki, aikin da babu wanda zai yi wa zinariya zatonsa. Amma babu wani gari da zai iya cinye yawan gubar da janareta ke fitarwa a rufaffen ɗaki, maganin wannan har yanzu shi ne a fitar da shi waje, nesa da taga.

Tambayar da ta saura ita ce me ya hana zinariya karɓe aikin filatinam a mota, tun da ita ba ta jiran zafi. Amsar tana cikin abin da ya ba ta ƙarfin tun farko. Atam ɗin kusurwa yana kama iska ne saboda yana da ƙarancin maƙwabta, kuma saboda wannan dalili ɗin ne ba a riƙe shi da kyau ba. Zinariya tana narkewa a digiri 1,064, amma ƙwaya mai nanomita 2 ko 3 tana narkewa ɗaruruwan digiri ƙasa da haka, kuma tun kafin ta narke atam ɗinta sun fara yawo. Ƙananan ƙwayoyi sukan silale su haɗu, ko atam su riƙa ficewa daga ƙarama suna komawa babba, har a wayi gari manyan sun cinye ƙananan. Hayaƙin mota yakan kai digiri 800 ko fiye. A wannan zafi zinariyar takan dunƙule ta koma halinta na sarƙar wuya. Filatinam, mai narkewa a digiri 1,768, ya fi jurewa, ko da yake shi ma wannan dunƙulewa ce babbar hanyar tsufansa. Mafi yawan wahalar masu wannan sana'a a yau ba ta yin ƙananan ƙwayoyi ba ce, ta hana su girma ce.

Inda zinariya ta ci babbar kasuwa wani wuri ne dabam. A 1985 Hutchings, yana aiki a Afirka ta Kudu a lokacin, ya yi hasashen cewa ita ce za ta fi kowane ƙarfe iya haɗa sinadarin da ake yin robar PVC da shi daga iskar asitilin, aikin da masana'antun ƙasar Sin suka daɗe suna yi da zaiba mai guba. Bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta taƙaita amfani da zaiba a duniya, an fara maye gurbinta da zinariya a kan gawayi. Da aka leƙa cikin wannan katalis yana tsakiyar aiki, sai aka ga masu aikin atam ne ɗaiɗaiku, kowane yana zaune shi kaɗai, ba shi da maƙwabcin zinariya ko ɗaya.

Haruta ya koma jami'ar birnin Tokyo a 2005, ya ci gaba da bin zinariya zuwa ƙasa da nanomita 2 har ƙarshen aikinsa. Ya rasu a watan Janairun 2022. An sha ambatar sunansa cikin waɗanda ake wa zaton lambar Nobel, ba ta zo ba. A cikin gwaje-gwajensa akwai wani na 1998 da bai yi suna kamar na farko ba. Shi da abokan aikinsa sun tura iskar furofilin tare da haidurojin da oksijin a kan zinariyar da ke zaune a oksaid na titaniyam. Da ƙwayoyin suke tsakanin nanomita 2 zuwa 5, furofilin ta ɗauki oksijin, aka sami sinadarin da ake yin soson katifa da shi. Da ƙwayoyin suka yi ƙasa da nanomita 2, ta bar oksijin ta ɗauki haidurojin, abin da ya fito daga bututun ya zama furofen, iskar da ake durawa a tukunyar gas ta girki.